Koya wa Yaran Firamare Halin Kirista ta Hanyar Warware Matsala



Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu wanda duk mai koyar da yara ya taɓa gani da idonsa. Yaro ɗan aji huɗu yakan jero Dokoki Goma daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, ya ci jarrabawar addini da maki mai kyau, sa'an nan a fita tara ya tsinci biron abokinsa ya jefa a aljihu, in an tambaye shi kuwa ya rantse bai gani ba. Yaron nan ya san doka ta bakwai, ya san ta takwas. Abin da bai riga ya gane ba shi ne, biron da ke aljihunsa da rantsuwar da ta fito daga bakinsa su ne ainihin abin da dokokin nan biyu suke magana a kai. Dokar tana zaune a wani ɗaki na zuciyarsa, zamansa na kullum yana wani ɗakin dabam, ba kuwa ƙofa tsakaninsu. Aikin malamin addini shi ne ya fasa ƙofa a bangon nan. Domin haka muke so mu yi nazarin wata hanyar koyarwa wadda muke ganin za ta taimaka ƙwarai, in an bi ta da hankali.

Masana ilimi suna kiran ta koyo ta hanyar warware matsala. Bisa ga al'ada, malami yakan fara da faɗin doka, daga baya ya kawo misali. A wannan hanya kuwa sai ya fara da sa wa ɗalibai wata matsala a gaba, irin wadda amsarta ba a fili take ba, ya bar su su yi ta fama da ita cikin ƙananan ƙungiyoyi har su ji a jikinsu cewa akwai abin da suke bukatar sani. A sa'an nan ne ake kawo koyarwar, ta tarar da kunnuwa a buɗe. An fara tsara wannan hanya a makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar McMaster da ke birnin Hamilton a ƙasar Kanada, wadda ta karɓi ɗalibanta na farko a 1969. Malaman wurin sun lura cewa ɗalibi yakan yi shekaru yana haddace sunayen ƙasusuwa da na cututtuka, amma ran da aka tsai da shi a gaban gadon majinyaci sai ya rasa ta inda zai fara. Saboda haka tun daga farkon karatu suka riƙa ba ɗalibai labarin wani marar lafiya, su nemo abin da ke damunsa. Wani likitan jijiyoyi mai suna Howard Barrows, wanda ya koyar a can, yana cikin waɗanda suka yi rubuce-rubuce a kan hanyar har ta bazu zuwa wasu jami'o'i, daga baya kuma ta sauko makarantun yara.

Kada sunan Kanada ya sa mu ɗauka cewa baƙon abu ne. Manomi ba ya zaunar da ɗansa a zaure ya yi masa lacca a kan noma. Yakan yanka masa 'yar gayauna, ya ba shi iri da fartanya, ya bar shi da ciyawa da tsuntsaye. Ran da yaron ya dawo yana kukan cewa shukarsa ta yi ja, ran nan ne maganar taki take shiga kansa. Haka kuma a cikin tatsuniyoyinmu akwai waɗanda kaka takan ƙare da tambaya, ta ce a cikin mutanen nan uku wa ya fi gwaninta, ko wa ya cancanci ladan, sai yara su kaure da gardama har barci ya kwashe su. Gardamar nan ita ce makarantar.

Yadda Littafi Mai Tsarki ya koyar

Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne, Allah da kansa ya sha bi da mutanensa ta wannan hanya. Mu duba 2 Sama'ila sura 12. Sarki Dawuda ya yi zunubi mai girma, ya ɗauki matar Uriya, ya kuma sa an kashe mijin a bakin yaƙi. Dawuda ya san Shari'a fiye da yawancin mutanen zamaninsa, amma sanin nan bai hana shi ba, bai kuma tashe shi daga barcin lamiri ba. Da annabi Natan ya zo, bai karanta masa doka ba. Ya kawo masa ƙara kamar yadda ake kai wa alƙali: wani attajiri mai garkuna da yawa ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta wani matalauci, ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya husata, ya yanke hukunci mai tsanani da bakinsa, har ya ce a biya ninki huɗu. Sai bayan da hukuncin ya fito ne annabin ya nuna masa cewa a kan kansa ya yanke. Daga nan tuba ta zo. Da Natan ya fara da zargi, watakila da sarkin ya kāre kansa kamar yadda masu mulki suka saba.

Ubangijinmu Yesu ya yi haka sau da yawa. A Luka 10:25-37 wani masanin Attaura ya so a zana masa iyakar waɗanda za a kira maƙwabtansa. Yesu ya ba shi labarin mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Yariko, da firist da Balawe da suka ratse, da Basamariyen da ya tsaya. A ƙarshe ya mai da masa tambayar, ya bar shi ya zaɓi maƙwabcin da kansa, sa'an nan ya sallame shi da umarnin ya je ya aikata. A Yohanna sura 6, da taro ya yi yawa, Yesu ya tambayi Filibus inda za a sayo abinci, mai bisharar kuma ya gaya mana a fili cewa Ubangiji ya riga ya san abin da zai yi, gwada almajirinsa yake yi. Malamai su riƙe wannan: mai koyarwa ya san inda za a je, amma ya bar ɗalibi ya yi lissafinsa, ya ga iyakar ƙarfinsa. Kada mu manta kuma, wanda aka samu da gurasa biyar da kifi biyu a ranar nan ɗan yaro ne.

A zamaninmu Ikilisiya ta ba wannan hanya tsari mai sauƙin riƙewa ta hannun Fada Joseph Cardijn, firist ɗan ƙasar Beljiyam, wanda ya rayu daga 1882 zuwa 1967, aka kuma naɗa shi Kadinal a 1965. Ya yi aiki a cikin samari da 'yan mata ma'aikatan masana'antu, ya koya musu matakai uku: a duba, a auna, a aikata. A duba abin da yake faruwa da gaske, a auna shi da ma'aunin Bishara, sa'an nan a tashi a yi wani abu. Waliyyi Paparoma Yohanna na 23 ya yaba wa matakan nan a wasiƙarsa Mater et Magistra ta 1961, waɗanda kuma suka taɓa shiga ƙungiyar ɗaliban Katolika a sakandare sun san su. Abin da muke cewa shi ne, ba sai yaro ya kai sakandare ba. Tun 1910 Waliyyi Paparoma Pius na 10, a dokarsa Quam Singulari, ya buɗe wa yara ƙofar karɓar Jibi Mai Tsarki daga wajen shekara bakwai, Dokokin Ikilisiya na 1983 kuma suna ɗaukar wanda ya cika bakwai a matsayin wanda ya fara hankali. In Ikilisiya ta yarda ɗan shekara bakwai ya san bambancin nagarta da mugunta har ya je ya furta zunubansa, lalle ya isa a tambaye shi ra'ayinsa a cikin aji.

Awaki a gonar gwauruwa

Ga misali guda wanda za mu bi dalla-dalla, domin yara 'yan aji huɗu zuwa shida. Malami ya shigo, bai rubuta kan darasi a allo ba, sai ya ba da labari kamar haka. Wani yaro ɗan shekara goma, mahaifinsa ya aike shi kiwon awaki da yamma, a lokacin da wake ya fara 'ya'ya. A hanya ya tarar da abokansa suna ƙwallo, ya tsaya. Kafin ya farga, awakin sun shiga gonar wata gwauruwa sun cinye kunya biyar. Ya kore su da sauri, ba wanda ya gani. Kashegari matar ta ga ɓarnar, ta ga kuma sawun shanu a kan hanyar da ke gefen gonar, sai ta kai ƙara wurin mai unguwa cewa yaron rugar Fulani da ke hayin rafi ne ya yi mata. Mai unguwa ya aika a kira mahaifin wancan yaro gobe da safe. Yaronmu ya ji labarin a bakin rijiya. Mahaifinsa mai saurin hannu ne, bana kuma gonarsu ba ta yi kyau ba. Malami ya tsaya a nan, ya tambayi aji abin da yaron zai yi kafin gari ya waye.

Daga nan ya raba su shida shida ko takwas takwas, ya ba su kamar minti goma. Za a ji hayaniya, hayaniyar nan kuwa alama ce mai kyau. Waɗansu za su ce ya yi shiru abinsa, ai ba wanda ya tambaye shi, saboda haka bai yi ƙarya ba. Waɗansu za su ce ya gaya wa mahaifiyarsa a ɓoye. Akwai wanda zai ce ya bari sai an gama shari'a, in an ci tarar Bafulatanin sai ya yi masa addu'a. Kusan kullum kuma akwai wanda zai ce ai su dama sun saba, ko ba su ne suka yi wannan ba sun yi wani. Maganar nan ta ƙarshe ba daga yaron ta fito ba, a gida ko a kasuwa ya ji ta, kuma ita ce mafi tsadar abin da malami zai samu a ranar. Da darasin hadda ne, da maganar tana nan kwance a cikinsa ba wanda ya sani, har ya girma da ita. Yanzu ta fito fili inda za a iya yi mata magani.

Malami ya danne fushinsa, ya shiga mataki na farko, wato dubawa. Ya raba allo biyu, gefe ɗaya abin da aka sani, ɗaya gefen abin da ake zato. Me matar ta gani da idonta? Sawun shanu a kan hanya. Ta ga shanun a cikin gonar? A'a. A nan yaran ƙauye sun fi malaminsu sani, ya kuwa bar su su nuna gwanintarsu: za su gaya masa cewa sawun akuya da na saniya ba ɗaya ba ne, kashinsu ma haka, da an duba cikin kunyoyin da kyau da an gane. Ba tare da an yi musu wa'azi ba sun gano cewa ana iya ɗora wa mutum laifi saboda sunan ƙabilarsa kawai. Mu da muke zaune a ƙasar da rikicin gona da kiwo ya ci rayuka masu yawa ta kowane gefe, mun san abin da ƙaramin zato irin wannan yake iya haifarwa. Malami ya ci gaba da tambaya: su wa abin ya shafa? Gwauruwa wadda waken nan ne abincinta da kuɗin makarantar 'ya'yanta. Yaron ruga wanda zai sha duka a kan abin da bai yi ba. Mahaifinsa wanda zai biya. Mahaifin yaronmu wanda sunansa zai ɓaci in gaskiya ta fito ta wata hanya. Da kuma zaman lafiyar ƙauyen da rugar.

Yanzu yaran sun shirya domin mataki na biyu, gama tambaya ta riga ta kama su: shin wanda ya yi shiru ya yi laifi? Sai malami ya buɗe Littafi. A Fitowa sura 22, aya ta 5 (a waɗansu fassarori aya ta 4 ce), Shari'ar Musa ta yi magana a kan wannan batu daidai, wato wanda ya bar dabbarsa ta ci gonar wani, ta kuma wajabta masa biya daga mafi kyawun amfanin gonarsa. Yara sukan yi mamaki su ga cewa Maganar Allah ta san zancen awaki. A Littafin Firistoci 5:1 an ɗora laifi a kan wanda ya ga abu ko ya san shi, aka nemi shaida, ya ƙi magana. Sa'an nan a karanta labarin Zakka a Luka 19:1-10, wanda bai tsaya ga baƙin ciki a zuciya ba, ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu. A ƙarshe malami ya sa aji su faɗi doka ta bakwai da ta takwas, waɗanda suka daɗe da haddacewa, ya tambaye su wace ce ta shafi waken, wace ce ta shafi sunan yaron ruga. Ya bayyana musu da kalmomi masu sauƙi abin da Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya koyar a sashe na 2412 da na 2487: wanda ya jawo wa wani hasara wajibi ne ya gyara, haka ma wanda ya sa sunan wani ya ɓaci, ko da an riga an gafarta masa zunubin.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa saboda ƙarancin lokaci, alhali kuwa amfanin ilimi aiki da shi. Yaran sun yarda cewa dole yaron ya faɗi gaskiya. To, ta yaya? Tsoronsa na gaske ne, kada malami ya raina shi. A bar su su nemo dabara: ya fara zuwa wurin mahaifiyarsa ko kakarsa, ko ya roƙi katekis ya raka shi wurin mahaifinsa, ya yi maganar tun da dare, kada a bari sai an tara mutane a ƙofar mai unguwa. Ɗan shekara goma ba shi da kuɗi, amma yana da hannu: zai iya taya gwauruwar roron wake, ya ɗebo mata ruwa har kaka ta wuce. Akwai kuma bashin da yaron ruga yake binsa, wato ban haƙuri. Sai a yi ɗan wasan kwaikwayo, wani ya zama uba, wata ta zama uwa, wani ya zama yaron, ya gwada kalmomin da zai fara da su. Wannan gwaji yana da daraja ƙwarai. Yara da yawa suna so su faɗi gaskiya, amma ba su taɓa jin yadda kalmar "Baba, ni ne na yi" take fita daga bakinsu ba, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. A ƙarshen darasi malami zai iya nuna musu cewa sun taɓa manyan kyawawan halaye huɗu da Ikilisiya take koyarwa ba tare da sun sani ba: hikima a wajen zaɓen lokaci da mai rakiya, adalci a wajen biya, ƙarfin hali a gaban uba, da kamunkai wanda rashinsa a bakin filin ƙwallo ne ya jawo dukan abin.

Inda ake iya yin tuntuɓe

Akwai masu jin tsoron wannan hanya, tsoronsu kuwa yana da dalili. In malami ya ba da labari, ya bar yara suka yi ta surutu, aka buga ƙararrawa kowa ya tafi da ra'ayinsa, to ya koya musu mugun darasi, wato nagarta da mugunta zaɓin kowa ne. Ba a jefa wa Dokokin Allah ƙuri'a. Ko da yara hamsin cikin sittin sun ce yaron ya yi shiru, shirun nan bai zama daidai ba, wajibi ne kuma malami ya faɗi haka a fili kafin a tashi. Abin da aka bar wa yara su yi gardama a kai shi ne yadda dokar ta shafi wannan al'amari da yadda za a cika ta. Ko a cikin masana ilimin zamani an yi wannan gargaɗi. A 2006 waɗansu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun rubuta cewa sabon ɗalibi wanda bai da tushe ba ya amfana in an sake shi ya nemo kome da kansa ba jagora. Masu goyon bayan hanyar sun amsa cewa in an bi ta daidai, cike take da jagora. A ganinmu dukansu sun taru a wuri ɗaya: gwargwadon ƙanƙantar yaro, gwargwadon kusancin da malami zai tsaya da shi.

Haka kuma kada wani ya ce mun soke hadda. A misalin da muka bayar, da yaran ba su haddace Dokoki Goma ba, da ba su da ma'aunin da za su ɗauko. Waliyyi Paparoma Yohanna Bulus na 2, a wasiƙarsa Catechesi Tradendae ta 1979, sashe na 55, ya kāre haddar maganganun Yesu, da Dokoki Goma, da Shaidar Bangaskiya, da manyan addu'o'i, ya kuma ce a riƙa fahimtar abin da aka haddace sannu a hankali har ya zama abincin rayuwa. Shawararmu ita ce a riƙe darussan hadda yadda suke, a ware darasi ɗaya cikin uku ko huɗu domin matsala irin wannan.

Wani abin lura kuma, labarin da za a kawo kada ya zama na wani yaro da ke cikin ajin, kada kuma a sa sunan da wani a ajin yake amsawa. Aji ba wurin furta zunubi ba ne. In ana cikin tattaunawa wani yaro ya fara tona asirin gidansu, ko ya faɗi abin da ya nuna ana cutar da shi, malami ya tsai da maganar da taushi, ya saurare shi daga baya, ya kuma kai al'amarin ga shugaban makaranta ko Fada mai kula da Ikilisiyar, kada ya riƙe shi shi kaɗai. Bulala kuwa a ajiye ta a waje. Yaron da ya san amsar da ba daidai ba tana jawo duka zai ba malami amsar da malami yake so, abin da ke zuciyarsa kuma ya zauna yadda yake. Waliyyi Yohanna Bosko, wanda ya rasu a 1888 bayan ya yi rayuwarsa a cikin yaran titi na birnin Turin a Italiya, ya gina tarbiyyarsa a kan hankali da addini da ƙauna, ya kuma hana malamansa dukan yara. A makarantunmu da ke da yara Musulmi a aji ɗaya da namu, malami ya tuna cewa iyayensu amana suka ba mu. Yawancin matsalolin nan na gaskiya da riƙon amana da tausayi kowa yana da abin faɗa a kansu, a saurari kowane yaro da ladabi ɗaya.

Bayan yara sun saba da labarai, sai a kawo musu matsalar da ke tsakar makarantarsu. A lokacin bazara, in an fita tara, manyan yara sukan mamaye bakin famfo ko randar ruwa, 'yan aji ɗaya su koma aji da ƙishirwa. Malami ya aiki 'yan aji shida su tsaya su duba har kwana uku, su ƙirga yara nawa ne ba su sami sha ba, 'yan wane aji ne. Sa'an nan a karanta Ayyukan Manzanni 6:1-7, inda aka yi gunaguni cewa ana manta da gwauraye na wani ɓangare a rabon abinci na kullum, manzanni kuma suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. Yaran su tsara nasu: wa zai fara sha, wa zai riƙe moɗa, wa zai tsare layi a kowace rana. Bayan mako biyu a sake ƙirgawa. In tsarin ya rushe, wannan ma darasi ne, a zauna a nemi dalili.

Ga 'yan aji ɗaya da biyu, matsalar ta zama gajeriya, mai mutum biyu kawai, kamar yara biyu da ƙosai ɗaya, ko yarinyar da ta fasa tulu ƙanenta yana kusa. Minti biyar na magana ya ishe su, waƙa da zane su cika sauran. Inda aji ya cika maƙil har ba wurin juya benci, 'yan bencin gaba su juya su fuskanci na bayansu, ƙungiya ta samu ke nan. A riƙa sauya mai ba da rahoto, a tabbata 'yan mata suna samun nasu rabo, gama in an bar abin haka nan, yara maza uku ko huɗu masu baki za su cinye lokacin duka. Katekis da ke koyarwa ran Lahadi a gindin bishiya ba ya bukatar allo, ƙasa da tsinke sun isa a raba abin da aka sani da abin da ake zato.

Majalisar Batikan ta Biyu, a takardarta Gravissimum Educationis ta 1965, ta ce iyaye su ne malamai na farko ga 'ya'yansu. Saboda haka kowace matsala da aka yi a aji, a ba yara ita su kai gida, su tambayi uba ko uwa ko kaka abin da za su yi in su ne, su kawo amsa a darasi na gaba. Muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata da na maza su sanar da wannan a taronsu, domin iyaye su san cewa in yaro ya zo da labarin awaki da gonar gwauruwa aikin makaranta ne, su ba shi lokaci bayan cin tuwon dare. Malaman da suka gwada darasin nan a wannan zangon karatu su rubuta amsoshin da yaran suka bayar, ba tare da sunaye ba, su kawo taron malaman addini na gaba domin a duba su tare.